Wayar gida ta intanet: murya tas, kuɗi da sauƙi, amma bari a ɗauke wuta

Maki uku da rabi cikin biyar na ba wayar nan, kuma rabin nan ma sai da na jinjina kafin na ƙara. Ina magana ne a kan sabis ɗin nan na wayar gida da ke bi ta intanet, wanda kamfanonin waya ke ta kora mutane kansa yanzu a madadin tsohon layin girke na jan ƙarfe, masana suna ce masa VoIP. Ba zan kama sunan kamfanin da nake tare da su ba don kusan duk kanwar ja ce, tsarin ɗaya ne, abin da ya bambanta su bai wuce kalar rawuta ba, wato akwatin nan da ke raba intanet a gida, da kuma tsawon lokacin da za ka ɓata kana jiran masu kula da kwastoma su ɗaga maka.

Ni dai ba zaɓa na yi ba, takarda aka aiko wai za a kashe tsohon layin, ko in koma sabon tsari ko lambar ta bi ruwa. Kuma ba mu kaɗai ba ne, haka ake ta yi a ƙasashe da dama. A Faransa tun Nuwamban 2018 kamfanin Orange ya daina sayar da sabon layi irin na da, shirinsu zuwa 2030 a gama rufe jan ƙarfen gaba ɗaya. A Birtaniya ƙarshen 2025 aka sa da farko, da aka ga abin ba zai yiwu ba aka ɗaga zuwa Janairun 2027. In ka duba ta ɓangarensu gaskiya ba za ka ga laifinsu sosai ba, injinan da ke cibiyoyin haɗa kira sun tsufa tukuf, wasu an daina ƙera kayan gyaransu, injiniyoyin da suka san kansu suna ta ritaya, ga shan wuta, ga ɓarayin jan ƙarfe, ga ruwa da ke shiga ramukan waya ya lalata komai, kuma duk wannan wahalar ana shan ta ne saboda mutanen da kullum raguwa suke yi. Alƙaluman hukumar sadarwa ta duniya ITU sun nuna tun 2002 layukan salula suka zarce na girke, na girken sun kai ƙololuwarsu wajen 2006 da kimanin biliyan 1 da miliyan 260, daga nan sai gangara, yanzu ba su kai miliyan 900 ba, alhali na salula sun haura biliyan 8, sun ma fi mutanen duniya yawa. A Amurka a ƙarshen 2016 ne aka fara samun fiye da rabin gidaje ba su da wayar girke kwata-kwata sai ta hannu.

Wani zai ce to kai me ya hana ka bin sahu ka jefar da ita ka huta? Mahaifiyata ce. Yatsunta da gilashin wayar zamani ba sa shiri sam, in ta zo ɗaga kira sai ta kashe shi, in ta zo kashewa sai ta kira wani, amma wayar tebur mai manyan maɓallai ko ido a rufe za ta danna lambar ƙanwarta. Ga shi lambar gidan ta daɗe, 'yan uwa na nesa ita suka haddace, ita ce a fayil ɗin asibiti, ita ce a takardun banki. Irin wannan lambar ba a wasa da ita.

Haɗawar ba wani aiki ba ne, wannan kam na yaba. Aka kawo sabuwar rawuta, a bayanta kusa da inda ake soka wayoyin kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin rami mai kala daban da hoton kan waya a jikinsa, ka zare igiyar wayarka daga soket ɗin bango ka soka ta nan, shi ke nan. Ka jira wata 'yar fitila ta daina ƙyaftawa ta tsaya cak, ka ɗaga kan wayar za ka ji ƙarar nan ta tuuu da aka saba. Abin da ya ba ni dariya, ƙarar nan yanzu ta bogi ce, a da daga cibiya take zuwa tana gaya maka layi a buɗe yake, yanzu rawutar ce ke ƙirƙirar ta a cikin ɗakinka don kawai hankalinka ya kwanta. Wanda rawutarsa ba ta da ramin, akwai wata 'yar adafta da ake saye, gefe ɗaya wayar girke gefe ɗaya intanet, aikin ɗaya ne. Sai dai a sani, sauran soket-soket ɗin da ke ɗakuna duk sun mutu daga ranar, in kana da waya a falo da wata a ɗakin kwana to sai ka sake shiri, ko ka kira mai gyara ya juya wayoyin bangon su koma ta rawuta ko ka sayi irin marasa igiyar nan masu kai biyu ko uku. Kuma ni a nawa dole sai ka danna lamba cikakkiya har da lambar yanki ko da maƙwabcinka za ka kira, wannan ya ɗan ɗauki lokaci kafin tsohuwa ta saba, sai da na sake rubuta mata lambobin da manyan baƙi na manna a bango.

Akwai wata tsohuwar waya mai juyawa da yatsa a ajiye, na ɗauko ta don gwaji kawai. Kira yana shigowa, ƙararrawar tana ɗan kaɗawa a raunane, amma fita sam, ka juya lamba har ka gaji ba abin da zai faru. Dalili shi ne irin waɗannan ba sauti suke aikawa ba, katse wutar layin suke yi tak-tak-tak daidai adadin lambar, salon da ya samo asali daga injin haɗa kira na Almon Strowger wanda ya yi wa rajista a 1891, mutumin da sana'arsa ma shirya gawa ce ba waya ba. Yawancin rawutocin yanzu ba su san wannan yaren ba.

Toh mu zo kan murya, inda sabis ɗin ya ci makinsa. Wallahi ranar da na fara kiran wani da shi ma yake kan irin wannan layin sai da na waiga, ji na yi kamar a ɗakin yake. Tsohon layi yankan murya yake yi, abin da ke tsakanin 300 zuwa 3,400 Hz (ma'aunin kauri da kaifin sauti) kawai yake bari ya wuce, ƙasan muryar da samanta duk a zubar, shi ya sa kowa muryarsa ke fita siririya a waya, shi ya sa kuma in ana karanto maka suna ko adireshi sai ka kasa bambance harafin s da na f, a yi ta maimaitawa. Sabon tsarin in ya samu dama yana ɗaukar daga 50 har 7,000 Hz, ninki biyu ke nan da ɗoriya, kana jin numfashin mutum, kana jin in murmushi yake. Ga shuuu ɗin nan da ƙarar tsatsa da muke fama da su duk sanda aka yi ruwa sun tafi. Mahaifiyata da kunnenta ya ɗan yi nauyi ta rage cewa na'am? me kika ce? sosai da sosai, ni wannan kaɗai ya biya ni.

Amma fa ba kullum ba. Kyan muryar sai ɓangarorin biyu da duk hanyar da ke tsakaninsu sun yarda da shi, da zarar kiran ya ratsa ta wani tsohon layi ko wani kamfanin da bai shirya ba sai a koma 'yar gidan jiya. Wannan ba sa faɗa a talla.

Sai matsalar da tsohon layi bai san ta ba. A da in ka kira mutum, hanya guda ake ware muku daga kai har shi, ba mai shiga har ku ajiye. Yanzu muryarka daddatsa ta ake yi ƙanana-ƙanana, galibi kowane guntu milisakan 20, wato kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa, a liƙa wa kowanne adireshi a watsa su cikin intanet tare da bidiyon yara da saƙonnin kowa da kowa, can su haɗu a jera su a mayar da su murya. In wani guntun ya makara ko ya ɓace ba a jiran sa, wucewa ake yi, shi ne za ka ji magana tana gutsurewa, ina kwa... ya gi... lafi... Na lura abin ya fi faruwa ba lokacin da ake kallon bidiyo ba, a'a, lokacin da wani a gidan ke tura kaya masu nauyi sama, misali waya ta shiga adana hotuna da kanta da daddare, mu muna jin wancan ɓangaren lafiya lau amma shi yana ta cewa ba ya jin mu. Maganin yana cikin saitin rawutar, akwai inda ake ba murya fifiko a kan sauran kaya, na kunna shi abin ya ragu ƙwarai. Kiran kansa ba ya cin komai, matsalar ba yawan data ba ce, cunkoso ne.

Jinkiri ma akwai shi, ɗan kaɗan. Ƙa'idar ITU ta ce in jinkirin tafiyar murya bai wuce milisakan 150 ba yawancin mutane ba za su lura ba, kuma a kiran cikin ƙasa ban taɓa lura ba. A na ƙasashen waje ne wani lokacin za ku yi karo, ka yi shiru shi ma ya yi shiru sai ku fara magana tare, a'a ci gaba, a'a kai dai ci gaba. Waɗanda suka yi zamanin kiran da ke bi ta tauraron ɗan adam mai nisan kilomita kusan 36,000 za su ce wannan ai wasa ne, kuma da gaskiyarsu.

Yanzu ga inda aka zaftare maki ɗaya da rabi, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani. Tsohuwar wayar girke ba ta shan wutar gidanka. Mutane da yawa ba su taɓa tsayawa sun yi tunanin wannan ba saboda abin ya zama jiki, amma wutarta daga cibiyar waya take zuwa ta cikin jan ƙarfen nan guda biyu, kimanin bolt 48, kuma a cibiyar akwai ɗakuna cike da manyan batura da janareta a bayansu. Shi ya sa unguwa za ta yi duhu ɗif, firij ya mutu, talabijin ya mutu, ka lalubo wayar a cikin duhu ka ɗaga ka ji tuuu tana nan daram. Injiniyoyin da suka gina tsarin burinsu layi ya yi aiki kashi 99.999 cikin 100, wato mutuwar da ba ta wuce minti 5 da 'yan daƙiƙu ba a shekara guda. Sabon tsarin ya ɗauke wannan nauyin daga kan kamfani ya ɗora shi a kanka ba tare da an yi shawara da kai ba. Faiba, wato sabuwar igiyar da ke kawo intanet, gilashi ce, haske take ɗauka, ba ta ɗaukar lantarki, don haka rawuta sai da wutar gidanka, in akwai ɗan akwatin faiba a bango shi ma sai da wutar gidanka. Ranar da aka fara ɗauke wuta bayan an juya mu na ɗaga kan wayar na kara a kunne, babu tuuu babu shuuu babu komai, roba ce kawai a hannuna. Na san haka za ta faru, an rubuta a takardar da ƙananan baƙi can ƙasa, amma sani daban ji a kunne daban, musamman in ka tuna akwai lokutan da tsohuwa ke zama ita kaɗai a gidan kuma wannan ce kaɗai wayar da ta iya.

Za a ce ai ga salula. Eh ga ta, amma ita ma ƙarfen sabis ɗin da take kamawa da wuta yake aiki, baturansa na wasu awanni ne, in abin ya yi tsawo shi ma ya kwanta. An gani a Sifaniya da Fotugal ranar 28 ga Afrilun 2025 da wutar ƙasashen biyu ta ɗauke gaba ɗaya, sabis ya riƙa zubewa yayin da batura ke ƙarewa, mutane riƙe da wayoyi masu caji amma ba wanda za su iya kira, aka koma neman rediyo mai batir. An gani a Birtaniya lokacin guguwar Arwen a Nuwamban 2021, wasu gidajen sun haura mako ba wuta, waɗanda aka riga aka mayar sabon layi suka rasa na gida suka rasa na hannu, har kamfanin waya na BT ya dakatar da juya mutane na wani lokaci a 2022. Hukumar Ofcom mai kula da sadarwa a can ta wajabta wa kamfanoni su samar wa wanda ya dogara da layin gida hanyar kiran gaggawa ta aƙalla awa 1 in an ɗauke wuta. Awa ɗaya fa. Abin da a da ba shi da iyaka in dai cibiya na tsaye.

Abin da na yi shi ne na sayi ɗan akwatin batir ɗin nan da ake kira UPS, ƙarami wanda aka yi musamman don rawuta, na jona rawutar da akwatin faibar duka a kai. Yana riƙe su wasu awanni don ba su da cin wuta sosai. In za ka saya ka duba bolt ɗin da ke rubuce a jikin cajar rawutarka ka sayi daidai shi, kuma ka tabbata wayar da ke kai mai igiya ce, don marasa igiyar nan gindinsu ma wuta yake so, ko a zamanin tsohon layi in an ɗauke wuta mutuwa suke yi. Sannan batir yana tsufa, lokaci-lokaci ka zare filogi da gangan ka ga ko yana ɗauka. Haushina shi ne wannan kuɗin daga aljihuna ya fita, kuma da na tambayi kamfanin ko suna bayarwa sai aka yi ta yawo da ni daga wannan sashe zuwa wancan, kowa na karanto mini amsa ɗaya daga takarda, ƙarshe wata baiwar Allah ta ce in cike fom a duba ko mun cancanta. Haba, mai shekaru irin na mahaifiyata sai an cike fom kafin a gane?

Akwai wani abin kuma da ya shafi gaggawa wanda ba a cika faɗa ba. Tsohon layi a ɗaure yake da gini, in ka kira lambar agaji ko ba ka iya magana ba sun san daga wane gida ne. Na intanet bai san inda yake ba, adireshin da aka rubuta a rajista shi za a gani, don haka in ka tashi daga gida ka tafi da adaftarka ba ka sabunta adireshi ba, motar asibiti tsohon gidan za ta nufa. Minti biyu ne gyara shi a shafin asusunka, a daure a yi.

Sai kayan da ke rataye a jikin tsohon layi ba tare da an tuna da su ba, na'urar faks, ƙararrawar ɓarayi mai kiran kamfanin tsaro, wayar cikin lifta, wasu tsofaffin na'urorin cirar kuɗi da kati, da kuma maɓallin nan da tsofaffi ke ratayawa a wuya su danna in sun faɗi. Duk sautuka suke aikawa waɗanda aka tsara don jan ƙarfe, in aka daddatsa su a intanet wani lokacin su isa wani lokacin su rikice. A Birtaniya sai da gwamnati ta sa kamfanoni suka sa hannu a wata yarjejeniya a Disamban 2023 cewa ba za su ƙara juya masu irin wannan maɓallin da ƙarfi ba sai an tabbatar yana aiki, bayan an samu waɗanda nasu ya gaza. In akwai irin wannan a gidanku kar ku yarda da ai zai yi, a gwada a gabanku.

Ta fannin kuɗi kam ba ni da ƙorafi. Kuɗin hayar layi daban da ake biya a da ya tafi, an cusa wayar cikin kuɗin intanet, kiran cikin ƙasa kusan kyauta, na waje kuma ya faɗi warwas in ka gwada da da. Abubuwan da a da sai ka biya ƙari, ganin lambar mai kira, saƙon murya, tura kira wata wayar, haɗa mutum uku, duk sun zo a ciki. Yaran yanzu ba za su gane yadda kiran ƙasar waje yake da tsada a da ba, a tuna fa igiyar tarho ta farko da ta ratsa tekun Atlantika a 1956 kira 36 kacal take ɗauka a lokaci guda, nahiya biyu suna rabon layi 36, dole minti ya yi tsada, dole mutum ya rubuta abin da zai faɗa kafin ya ɗaga waya yana magana yana kallon agogo. Abin da ya karya wannan farashin shi ne kiran intanet, wani kamfanin Isra'ila VocalTec ya fara fitar da manhajarsa a 1995, amma Skype ne da ya zo a 2003 ya kai shi gidan kowa.

Wanda ya kawo mu ga tambayar da na san tana bakin kowa, me zai sa in biya ko sisi alhali ga WhatsApp kyauta? Ni ma da shi nake yawancin kirana, tun da suka ƙara kiran murya a 2015 da na bidiyo a 2016 ban ƙara sayen katin kiran waje ba, muryarsa in netwok na da kyau ba ta da nisa da ta wayar gidan, kuma ta fannin sirri ma ya fi, don a kulle kiran yake daga wayarka har ta wancan, abin da yawancin layukan gida na intanet ba su yi alkawari ba. Amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Manhaja sai wanda ke da irin ta za ka kira, ba za ka kira teburin asibiti ko ofishin gwamnati da ita ba, kuma su da kansu sun rubuta cewa ba a kiran lambobin gaggawa irin 112 ko 911 ta ciki. Wasu ƙasashen kamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun toshe kiran ma. Ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa 6 kowa ya ga yadda mutane suka koma laluben lambobin juna. Sannan manhaja kayan kamfani ɗaya ce, ran da suka ga dama su rufe. Skype ɗin da Microsoft ya saya dala biliyan 8.5 a 2011, wanda a lokacin ake ganin ya gama da wayar tarho, an rufe shi a Mayun 2025, ita kuwa lambar waya tana nan, kowane kamfani a kowace ƙasa ya san yadda zai kai kira gare ta. Wannan shi ne abin da nake biya, ba muryar ba.

'Yan damfara kuwa sai abin da ya ƙaru, kuma fasahar nan ce ta sauƙaƙa musu, don da kiran intanet mutum na iya sa kowace lamba ta bayyana a fuskar wayarka, ta bankinka ko ta unguwarku, alhali yana wata nahiyar. A Amurka tun 2021 aka tilasta wa manyan kamfanoni wani tsarin tantance lambar mai kira, ya rage amma bai kashe ba. Sabis ɗin nawa yana da wurin toshe lambobi da tace waɗanda aka sani da damfara, yana kama wasu, wasu suna zillewa. Kuma sun san masu wayar gida yanzu yawanci dattawa ne, shi ya sa suka fi matsa mata. Dokar da na kafa a gidan ita ce duk wanda ya kira ya ce daga banki ne ko daga kamfanin waya, a ajiye, mu za mu neme su.

Wani abin da ban zata zan so ba sai ga shi na so, manhajar da suke bayarwa wadda ke sa lambar gida ta yi ƙara a wayar hannuna duk inda nake. In asibiti suka kira tsohuwa tana barci ni zan ɗauka. Sai dai wani lokacin abin yana ba ni wani iri, don asalin wayar gida wuri ake kira ba mutum ba, ka kira ba ka san wa zai ɗauka ba, ku gaisa da uban gidan, ka tambayi yara, sannan a kira maka wanda kake nema, ta haka yara da yawa suka koyi gaida manya a waya da riƙe saƙo. Tun ranar 3 ga Afrilun 1973 da Martin Cooper na Motorola ya tsaya a titin New York da wata ƙatuwar waya mai nauyin sama da kilo 1 ya kira abokin hamayyarsa na cibiyar bincike ta Bell Labs, lamba ta fara tashi daga gini tana komawa aljihu, yanzu ga ta gidan ma ta biyo ni aljihun. Na saita shi sai ta tebur ta yi ƙara sau da yawa ba a ɗauka ba sannan tawa ta fara, don kar in ƙwace wa tsohuwa gaisuwarta.

Wanda zan ce ya karɓa hannu bibbiyu shi ne mai intanet tsayayye da ke son riƙe tsohuwar lamba, ko mai ƙaramin ofis da ke son lambar da ba ta wani ma'aikaci ba ce. Wanda ba shi da tsoho a gida kuma ba mai neman sa ta lambar girke, gaskiya bai buƙata, wayar hannunsa ta ishe shi, yawancin na yanzu ma suna iya kira ta Wi-Fi in sabis ya yi rauni a cikin ɗaki. Wanda kuma ke inda wuta ba ta da tabbas ko sabis ɗin salula bai kai ba, kuma akwai mara lafiya a gidan, kar ya bari a juya shi sai batir na ƙasa an jona an gwada.

In kuma kamfani za ka canza gaba ɗaya ba tsari kawai ba, kar ka kuskura ka soke tsohon layin da kanka kafin lambar ta gama ƙaura. Sabon kamfanin ne zai nemi a miƙo masa ita, kuma sai tana raye ake iya miƙawa, in ka riga ka kashe ta tana iya komawa rumbun kamfani, dawo da ita kuma sai an sha fama in ma ta dawo. Ka tabbata sunan da adireshin da ka ba sabon kamfanin sun yi daidai da na tsohuwar takardar biyan kuɗi baƙi da baƙi, don ɗan bambanci kaɗan ya isa a dawo da buƙatar a ce a sake daga farko, kuma ka nemi a sa ranar juyawar a farkon mako ba jajiberin hutu ba, saboda in wani abu ya karkace a samu wanda zai ɗaga waya a ofishinsu.